Zaman Ci-Ma-Zaune Tsakanin Halittu

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya san kaska a kunnen kare, ya san ƙwarƙwata a kan yaro, ya kuma san kauci a reshen kaɗanya. Manomi ya san ƙuduji a gonar dawa, makiyayi kuwa ba ya bukatar a yi masa bayanin sammore. Duk da bambancin kamannin waɗannan halittu, sun yi tarayya a abu guda, wato kowace daga cikinsu tana rayuwa a jikin wata halitta, tana ci daga gare ta, tana kuma cutar da ita. Irin wannan zama shi ne wannan babi zai nazarta.

Mai yiwuwa ɗalibi ya tambayi dalilin shigo da batun kimiyyar halittu cikin littafin nazarin Hausa. Dalilin shi ne, duk harshen da aka tsara a koyar da darasi da shi, idan yaro ya kasa fahimta, da Hausa malami kan warware masa. Haka kuma, akasarin masu koyon aikin malanta za su yi aiki ne a garuruwa da ƙauyukan da waɗannan halittu suke hana yara zuwa makaranta, suke kuma rage wa iyayensu amfanin gona. Hausa tana da sunayen waɗannan halittu, amma sau da yawa sunan yana nuna abin da ido ya gani ne kawai, bai bayyana yadda halittar ke shiga da fita ba. Aikin malami shi ne ya ɗauki yaro daga sunan da ya sani ya kai shi ga sanin zagayen rayuwar halittar, domin a nan ne hanyar kariya take.

1.1 Manufar Babi

A ƙarshen wannan babi ana sa ran ɗalibi ya iya:

(a) bambanta ire-iren zaman tare guda uku da ake samu tsakanin halittu;
(b) bayyana ma'anar ci-ma-zaune da rabe-rabensa da siffofinsa;
(c) bin diddigin zagayen rayuwar ci-ma-zaune guda huɗu, tare da nuna gaɓar da ake iya yanke kowanne;
(d) amfani da keɓaɓɓun kalmomin wannan fanni cikin daidaitacciyar Hausa.

2.0 Ire-Iren Zaman Tare

A shekarar 1879 wani Bajamushe masanin tsirrai mai suna Anton de Bary ya bayyana zaman tare da cewa shi ne rayuwar halittu biyu mabambanta jinsi a wuri guda cikin kusanci. Masana sun kasa wannan zama gida uku, gwargwadon wanda ya amfana da wanda ya cutu. Abin sha'awa shi ne, kowane kashi yana da karin maganar Hausa da ta dace da shi.

Na farko shi ne zaman cuɗe-ni-in-cuɗe-ka, inda kowane ɓangare yake amfana. Idan aka tuge gyaɗa ko wake, za a ga wasu 'yan ƙulle-ƙulle a jikin saiwarsu. A cikinsu akwai ƙwayoyin halitta da ke kamo sinadarin naitirojin daga iska su mayar da shi abincin shuka, ita kuma shukar tana ba su mazauni da abinci. Wannan ne ya sa gonar da aka noma gyaɗa a cikinta takan yi wa dawa daɗi a shekara mai zuwa.

Na biyu shi ne zaman raɓe, inda ɗaya yake amfana, ɗayan kuwa bai ƙaru ba, bai ragu ba. Hausawa na cewa albarkacin kaza ƙadangare kan sha ruwan kasko. Misalinsa shi ne balbela da ke bin garken shanu tana cafke farar da tafiyar shanun ta tayar daga ciyawa.

Na uku shi ne zaman ci-ma-zaune, inda ɗaya yake amfana, ɗayan kuma yake cutuwa. Shi ne wanda Bahaushe ya yi wa kirari da cewa kaska raɓi mai jini.

Ya kamata a lura cewa iyakar da ke tsakanin waɗannan kashe-kashe ba katanga ba ce. An daɗe ana ɗaukar carki a matsayin aminin saniya saboda yana cire mata kaska. Sai dai wani bincike da aka gudanar a kan shanu a ƙasar Zimbabuwe, aka buga sakamakonsa a shekarar 2000, ya nuna cewa tsuntsun yakan tsattsagi gyambon dabba ya sha jini, har ya jinkirta warkewarsa. Ke nan halitta guda tana iya zama mai taimako a wani hali, ta zama mai cutarwa a wani.

3.0 Ma'anar Ci-Ma-Zaune

Ci-ma-zaune, a fagen kimiyyar halittu, shi ne duk wata halitta da ke rayuwa a jikin wata halitta ko a cikinta, tana samun abinci da mafaka daga gare ta, alhali ita waccan tana yin hasara. Kalmar da harsunan Turai ke amfani da ita ta samo asali ne daga Girkanci, wato parasitos, wadda ma'anarta ta farko ita ce mutumin da ke cin abinci a gefen akushin wani. Daga baya ne masana suka ɗauke ta daga kan mutum suka ɗora wa ƙwari da tsutsotsi da tsirrai. Wannan hanya ce aka bi a wannan babi. A Hausar yau da kullum, ci-ma-zaune shi ne mutumin da ke cin gumin wasu ba tare da ya yi aiki ba, sai aka faɗaɗa ma'anar ta haɗa da waɗannan halittu.

Akwai wasu kalmomi uku da za a riƙa cin karo da su:

(a) Mai masauki: halittar da ci-ma-zaune ke rayuwa a jikinta.
(b) Zango: halittar da ci-ma-zaune ke yada zango a jikinta na ɗan lokaci, ya rikiɗa ko ya yawaita, kafin ya kai ga babban masaukinsa.
(c) Ɗan dako: halittar da ke ɗaukar ci-ma-zaune daga wani jiki zuwa wani, kamar sauro da ƙudan tsando.

3.1 Bambancinsa da Mafarauci

Kura da kaska duk suna rayuwa ne a kan dabba, amma hanyarsu ta bambanta. Kura takan kashe akuya nan take ta cinye, gobe ta nemi wata. Kaska kuwa ta fi mai masaukinta ƙanƙanta nesa ba kusa ba, kuma ɗan kaɗan take ɗiba a kai a kai. Mutuwar mai masauki da wuri hasara ce ga ci-ma-zaune, domin rumbunsa ne ya ƙone. Wannan ba ya nufin ci-ma-zaune ba ya kisa. Yana yi, musamman idan ya yi yawa a jiki, ko ya tarar da mai rauni kamar ƙaramin yaro ko mace mai juna biyu. Amma ɓarnarsa da ta fi yawa ita ce ta sannu a hankali: rama, ƙarancin jini, kasala, tsumburewa, da raguwar nono ko amfanin gona.

3.2 Rabe-Rabensa

Ana iya raba ci-ma-zaune ta fuskar mazauninsa. Akwai na waje, kamar kaska da ƙuma da ƙwarƙwata da kuɗin cizo da matsattsaku. Akwai kuma na ciki, kamar tsila da sauran tsutsotsin ciki da ƙwayar zazzaɓin cizon sauro.

Ana kuma iya raba shi ta fuskar yawan dogaronsa. Tsila ba ta iya rayuwa ko kaɗan sai a cikin hanjin wani. Kauci kuwa rabin dogaro yake yi, domin yana da koren ganye da yake haɗa abincinsa da shi, ruwa da sinadaran ƙasa ne yake zuƙa daga bishiyar da ya hau. Tsuntsaye ne ke shan 'ya'yansa, su bar irin mai danƙo a manne da wani reshe, ya tsiro a can.

Akwai wani nau'i da ba jini ko abinci yake sata ba, wahalar reno yake ɗora wa wani. Zalaiɗu, tsuntsun nan mai dogon wutsiya, ba ya gina sheƙa. Macen takan saka ƙwanta a sheƙar wasu ƙananan tsuntsaye, su ƙyanƙyashe, su ciyar da ɗan da ba nasu ba.

3.3 Siffofinsa

Jikin ci-ma-zaune ya dace da sana'arsa ta fuska uku. Ta farko ita ce kayan riƙo: tsila tana da matsotsai a kanta da take manne wa hanji da su, ƙwarƙwata kuma tana da farata masu kama gashi. Ta biyu ita ce rashin gaɓoɓin da ba ya bukata: tsila ba ta da baki, ba ta da hanji, ta fatar jikinta take tsotse abincin da mai masauki ya riga ya narkar. Ta uku ita ce yawan haihuwa: macen doguwar tsutsar ciki da masana ke kira Askaris takan saki ƙwai kimanin 200,000 a rana guda. Dalilin wannan yawa shi ne, a cikin dubban ƙwai ƙalilan ne ke dacewa da sabon masauki. Wannan batu yana da muhimmanci ƙwarai, domin yana nuna cewa tafiya daga wani jiki zuwa wani ita ce mataki mafi hatsari a rayuwar ci-ma-zaune.

4.0 Zagayen Rayuwa

Zagayen rayuwa shi ne jerin matakan da halitta ke bi daga ƙwai ko iri har ta girma ta sake haifar wasu. Yana kama da sarƙa: idan gaɓa ɗaya ta tsinke, sauran ba su da amfani. Misalai huɗu da ke tafe za su fayyace wannan.

4.1 Zazzaɓin Cizon Sauro

Sunan maleriya daga Italiyanci ya fito, ma'anarsa gurɓatacciyar iska, domin mutanen da sun zaci tururin fadama ne ke kawo ciwon. Sun lura daidai cewa ciwon ya fi yawa kusa da ruwa, amma sun kuskure dalili. A shekarar 1880 wani likitan sojan Faransa, Alphonse Laveran, ya ga ƙwayar cutar a cikin jinin majiyyaci a garin Kustantina na Aljeriya. A 1897 kuma Ronald Ross ya gano ta a cikin tumbin sauro a Indiya.

Macen sauro nau'in Anofilis ita ce 'yar dako. Idan ta ciji mutum, takan zuba ƙwayoyin cutar tare da miyaunta. Daga nan sai su nufi hanta, su yi kamar mako guda suna yawaita, sannan su fito su shiga jajayen ƙwayoyin jini. A ciki sukan ƙara yawaita har ƙwayar jinin ta fashe, su afka wa wasu. Wannan fashewa ce ke haddasa zazzaɓi da rawar ɗari da ƙarancin jini. Idan wata sauron ta sha jinin majiyyaci, sai ƙwayoyin su yi kwana goma ko fiye a jikinta kafin su iya kama wani mutum. A nan raunin zagayen yake: sauron da ta mutu kafin cikar waɗannan kwanaki ba ta yaɗa komai. Wannan ita ce hikimar gidan sauro mai magani, wanda yake tsare mai barci, yake kuma kashe sauron da ta sauka a kansa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2023 an kamu da wannan ciwo sau miliyan 263 a duniya, mutum kimanin 597,000 suka rasu, kuma kusan kashi ɗaya cikin huɗu na waɗanda suka kamu a Nijeriya suke.

4.2 Tsargiya

Tsargiya, ko fitsarin jini, wata ƙaramar tsutsa ce ke kawo ta, wadda likita Theodor Bilharz ya gano a birnin Alƙahira a 1851. Manyan tsutsotsin suna zama cikin jijiyoyin jini da ke kewaye da mafitsara, inda sukan yi shekaru suna saka ƙwai. Kowane ƙwai yana da ɗan tsini, kuma ratsawar ƙwayayen ta bangon mafitsara ce ke sa a ga jini, musamman a ƙarshen fitsari. Idan mai ciwon ya yi fitsari a kududdufi ko rafi, ƙwan yakan ƙyanƙyashe, ɗan tsutsar ya nemi wani ƙaramin dodon koɗi na ruwa ya shige shi. Wannan dodon koɗi shi ne zango. A jikinsa tsutsar ke yawaita, ta fito dubbai, ta huda fatar duk wanda ya shiga ruwan domin wanka ko wanki ko su ko aikin lambu.

Ke nan ba daga mutum zuwa mutum ake ɗaukar tsargiya kai tsaye ba, sai ta bi ta ruwa da dodon koɗi. Shi ya sa takan ƙaru a inda aka tare ruwa. Bayan kammala madatsar ruwa ta Diyama a kan kogin Senegal a 1986, wani nau'inta mai kama hanji ya ɓarke a garin Richard Toll cikin 'yan shekaru kaɗan. A wasu yankunan ƙasar Hausa akan ɗauki fitsarin jini a matsayin alamar balagar ɗa namiji, saboda ya fi bayyana ga yara masu shekarun iyo a rafi. Wannan fahimta tana da hatsari, domin ciwon da aka bari yakan lalata mafitsara da ƙoda, har yakan kai ga sankarar mafitsara. Akwai maganinsa mai suna praziquantel, wanda akan raba a makarantu, amma yaron da ya sha magani ya koma ruwa ɗaya zai sake kamuwa matuƙar ana ci gaba da fitsari a cikinsa.

4.3 Ƙuduji

Ƙuduji, wanda ake kuma kira wuta-wuta, tsiro ne mai kyakkyawan fure ja-ja da ke kama saiwar dawa da gero da masara. Akwai kuma wani nau'insa da ke kama wake. Suna na biyu ya zo ne daga yadda shukar da ya kama take ƙanjamewa kamar wadda wuta ta babbake. Tushe guda yakan zubar da dubun dubatar iri, ƙanana kamar ƙura, waɗanda ke iya kwanciya a ƙasa fiye da shekara goma. Irin ba ya tsirowa sai ya ji wani sinadari da saiwar shuka ke fitarwa. Da zarar ya tsiro, sai ya huda saiwar ya fara zuƙar ruwa da abinci. Mafi yawan ɓarnar takan auku ne tun yana ƙarƙashin ƙasa, kafin manomi ya gan shi.

Manoma kan ce ƙuduji alama ce ta gajiyar ƙasa, kuma bincike ya gaskata su: shukar da ke fama da ƙarancin abinci a ƙasa ta fi fitar da sinadarin da ke tayar da irin. Haka nan an gano cewa saiwar auduga tana fitar da irin wannan sinadari, daga gare ta ma aka fara tace shi a 1966, amma ƙuduji ba ya iya kama ta. Irin da ya tsiro bai sami masauki ba cikin 'yan kwanaki yakan mutu. Saboda haka, juya shuka da auduga ko waken suya ko gyaɗa tarko ne da ke rage irin ƙudujin dawa a ƙasa. Idan aka haɗa da zuba taki, da shuka iri mai jurewa, da tuge ƙudujin a ƙone kafin ya zubar da iri, gona takan farfaɗo a hankali.

4.4 Kurkunu

Kurkunu shi ne misali mafi bayyana na amfanin sanin zagayen rayuwa. Mutum yakan kamu ne idan ya sha ruwan tafki mai ɗauke da wasu mitsi-mitsin ƙwarin ruwa da suka haɗiye 'ya'yan tsutsar. Bayan kimanin shekara guda, macen tsutsar, wadda tsawonta kan kai mita ɗaya, takan tayar da bororo, galibi a ƙafa. Zafin bororon kan sa mutum ya tsoma ƙafarsa a ruwa, nan take tsutsar ta saki 'ya'yanta, zagaye ya sake farawa. Tazarar shekara guda tsakanin shan ruwa da fitowar tsutsa ita ce ta hana mutane danganta ciwon da ruwan sha, har wasu suka riƙa jingina shi ga sammu ko gado.

Kurkunu ba shi da allurar rigakafi, ba shi da maganin sha. Duk da haka, an ci ƙarfinsa ta hanyar tace ruwa da ƙyalle, da hana mai ciwon shiga tafki, da zuba maganin ƙwari a ruwa, da haƙa rijiyoyin burtsatse. A 1986, lokacin da Cibiyar Carter ta shiga wannan yaƙi, an ƙiyasta masu kamuwa a duniya sun kai miliyan 3.5 a shekara. Ƙidayar da aka fara a Nijeriya a 1988 ta gano fiye da mutum 650,000 masu ciwon. Tsohon shugaban ƙasa Janar Yakubu Gowon yana cikin waɗanda suka zagaya ƙauyuka suna faɗakarwa. An ga mai ciwon na ƙarshe a Nijeriya a 2008, kuma a 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar da cewa Nijeriya da Nijar sun rabu da shi, Ghana ta biyo baya a 2015. A shekarar 2023 mutum 14 kacal aka samu da shi a duniya baki ɗaya. Abin lura a nan shi ne, bayanin da ya kawo wannan nasara a harsunan mutanen ƙauye aka yi shi.

5.0 Martanin Mai Masauki

Mai masauki ba ya zama hannu rabbana. Jikin mutum da na dabba suna da garkuwa da ke farautar baƙin ƙwayoyi, shi kuma ci-ma-zaune yana da dabarun kauce mata. Ƙwayar da ke kawo sammore ga shanu da ciwon barci ga mutane, wadda ƙudan tsando ke dakonta, takan riƙa sauya rigar da ke lulluɓe da jikinta, ta yadda kafin garkuwa ta gane ta, ta riga ta sake kama. Duk da haka, shanun Muturu da Ndama da suka daɗe a yankunan tsando sun fi Bunaji jure wa sammore.

A wajen ɗan Adam ma akwai irin wannan. A 1954 Anthony Allison ya nuna cewa masu rukunin jini AS sun fi samun kariya daga zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, abin da ya bayyana dalilin yawaitar wannan rukuni a ƙasashen da ciwon ya yi katutu. Sai dai kariyar tana da tsada, domin idan mai AS ya auri mai AS, kowane ciki yana da yiwuwar kashi ɗaya cikin huɗu na haifar mai ciwon sikila.

Wani lokaci kuma mutum yakan mayar da ci-ma-zaune ma'aikacinsa. A farkon shekarun 1970 wani ƙwaro ya shigo Afirka daga Kudancin Amurka ya yi wa rogo mummunar ɓarna. Masana a cibiyar binciken aikin gona ta IITA da ke Ibadan, ƙarƙashin jagorancin Hans Herren, suka kawo wani ɗan ƙaramin zanzaro daga mahaifar ƙwaron, wanda ke saka ƙwansa a cikin jikinsa, ɗan ya cinye shi daga ciki. An fara sakinsa a Nijeriya a 1981, ya kuma shawo kan annobar a ƙasashe da dama.

6.0 Matsayin Malamin Hausa

Daga bayanan da suka gabata za a ga cewa Hausa ta bi hanyoyi da dama wajen samar da kalmomin wannan fanni. Akwai sunaye na asali, kamar kaska da tsila da kurkunu. Akwai ninki, kamar wuta-wuta. Akwai siffantawa, kamar fitsarin jini da ciwon barci. Akwai aro, kamar maleriya da sikila. Akwai kuma faɗaɗa ma'ana, kamar ci-ma-zaune da zango da ɗan dako.

Idan aka ƙwanƙwance waɗannan sunaye, za a ga mafi yawansu alama suke nunawa. Fitsarin jini bai ambaci dodon koɗi ba, ciwon barci bai ambaci tsando ba, wuta-wuta bai ambaci saiwa ba. Zazzaɓin cizon sauro ne ya fita daban, domin sunan kansa darasi ne, ya faɗi ciwon, ya faɗi ɗan dakonsa. Wannan shi ne ma'aunin kyakkyawar ƙirƙira: kalmar da mai jin ta zai fahimci wani abu na gaskiya game da abin da aka raɗa wa ita.

Saboda haka, ana shawartar malami da ya kiyaye abubuwa huɗu. Na farko, ya fara da sunan da yara suka sani a karin harshensu, kafin ya kawo na daidaitacciyar Hausa. Na biyu, ya zana zagayen a allo, ya bar yara su nuna inda za a yanke shi da kansu. Na uku, kada ya yi wa fahimtar iyaye ba'a. Ya tantance abin da suka lura da shi daidai, kamar dangantakar ƙuduji da gajiyar ƙasa, daga abin da suka kuskure, kamar ɗaukar tsargiya alamar balaga. Na huɗu, ya tunatar da yara cewa kalmar ci-ma-zaune aro ce daga halin mutane. Kaska ba ta da niyyar mugunta, kuma yaron da ke da ƙwarƙwata ko tsargiya majiyyaci ne da ke bukatar magani, ba abin tsokana ba.

7.0 Kammalawa

An ga cewa zaman tare tsakanin halittu iri uku ne, kuma zaman ci-ma-zaune shi ne wanda ɗaya ke amfana ɗaya ke cutuwa. An ga rabe-rabensa da siffofinsa, an kuma bi zagayen rayuwar guda huɗu daga cikinsu. A kowane zagaye an tarar da gaɓar da ake iya yankewa: tsawon ran sauro, fitsari a ruwa, irin ƙudujin da ya tsiro bai sami saiwa ba, da ƙyallen tace ruwan sha. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ya fi ƙarfin fahimtar ɗan firamare, muddin ya sami malamin da ya san batun, ya kuma iya faɗarsa da Hausar da yaron ke ji.

Auna Fahimta

1. Kawo ire-iren zaman tare guda uku, tare da misali da karin maganar da ta dace da kowanne.
2. Mene ne bambancin zango da ɗan dako? Kafa hujja da tsargiya da zazzaɓin cizon sauro.
3. Me ya sa shuka auduga take rage ƙuduji a gona?
4. Bayyana dalilin da ya sa mutane suka daɗe ba su danganta kurkunu da ruwan sha ba.
5. Wace hanyar samar da kalma aka bi a waɗannan: wuta-wuta, sikila, ciwon barci, ɗan dako?

Jinga

Tattaro sunaye goma na ci-ma-zaune a karin harshen garinku, ka nuna wanne ne ke bayyana alama, wanne ne ke bayyana dalili. Sannan ka tsara darasin minti 35 a kan tsargiya domin 'yan aji biyar na firamare.